Rijiyar da Na Danne da Babban Yatsa

Nafisa, da ke zan fara, tunda ke ce kika zaro kwalbar nan daga bayan rigunana ranar da kuka zo gyara mini ɗaki, kika nufi wurin wanke-wanke da ita kina yamutsa fuska, wai tsohon shayi ne Baba ya manta. Na daka miki tsawar da ban taɓa yi miki irinta ba, a gaban mijinki, kika yi sati uku ba ki kira ni ba. Kina da haƙƙin ki san abin da kika kusa zubarwa. Ku ma sauran ku buɗe kunne, domin na gaji da jin yadda kuke ba da labarina a bayan idona. Wai Babanmu ya ƙare rayuwarsa yana tara takardun jiragen da ba su taɓa tafiya ba. Wai kuma shi ne Bahaushe ɗaya tak a Paris da ba ya ciniki, duk kuɗin da aka faɗa masa sai ya zaro ya biya kamar baƙo. Duka biyun gaskiya ne, kuma daga wuri ɗaya suka fito.

Kun san aikina. Shekara ashirin da bakwai na yi ina kwance ƙarƙashin jirgin ƙasa a wajen Saint-Denis ina gyaran birki, ni da na fito daga inda babu ko taku ɗaya na layin dogo. A garinmu, Tudun Kalgo, akwai wani fili gabas da kasuwa da ake ce wa Lagar. Tun ina ƙarami nake jin sunan, ban san ma'anarsa ba sai da na shiga lakkol, makarantar boko, aka ce mini da Faransanci tashar jirgi ke nan. Tashar me? Awaki ne ke kwana a wurin. Turawan awo ne suka zo a zamanin kakana, suka kafa turaku, suka ce nan jirgi zai tsaya in ya keto hamada, sannan suka ɗebi maza su ɗaukar musu kaya zuwa arewa. Cikin waɗanda aka ɗeba har da Barmo, mahaifin Inna, kakarku. Inna tana goye a bayan uwarta a lokacin. Bayan damina biyu wasu suka dawo, shi bai dawo ba. Waɗanda suka dawo ɗin ba ayarinsu ɗaya da shi ba, abin da suka ji kawai shi ne an rufe shi a gefen wata rijiya. Wace rijiya? Oho. Inna ta girma, ta haife mu, ta tsufa, kuma duk sanda ta idar da salla sai ta ce, Allah ya ji ƙan Barmo duk inda yake kwance. Da wannan "duk inda" ɗin na tashi a kunnena, safe da yamma.

Takardar farko ba nemanta na fita yi ba. Tukunyar ƙarfe uwarku ta aike ni in duba a kasuwar tsofaffin kaya, sai na hangi wata babbar takarda a jingine cikin gilashi. An zana jirgi yana tuttuɗo hayaƙi tsakanin itatuwan dabino, ga raƙuma na gudu, ga wani baƙin mutum a gefe ya saki baki yana kallo. A ƙasa an jera sunayen garuruwan da layin zai bi, har da Damagaram. Na tambayi mai kayan mene ne wannan. Ya ce takardar hannun jari ce, wato shaidar cewa mai riƙe da ita ya zuba kuɗinsa a kamfanin da zai gina layin. Ya nuna mini wasu ƴan ƙananan tikitoci a gindinta, ya ce duk shekarar da aka ci riba ake yanke ɗaya a kai a karɓi rabo. Ko ɗaya ba a yanke ba. Yana dariya ya ce ai daɗin abin ke nan, masu tarawa sun fi son na jiragen da ba a gina ba, sun fi tsada. Ashe an buga ƙasarmu a takarda, an yi mata ado da fenti, an sayar wa tsofaffin matan Faransa, an kwashe kuɗin, an kashe mana maza a banza, yanzu kuma ƙaryar da kanta ta zama kayan ado. Na sayi takardar, na koma gida ba tukunya.

"A cikin wannan zan dafa muku miya?" in ji uwarku.

"Zuwaira, dubi nan. Damagaram."

"Na ga Damagaram. Jirgin fa, ƙarfe nawa zai iso?"

Haka ta riƙa yi mini shekara da shekaru. In ta ga na shigo da dogon kwali a hammata sai ta ce wa Abdu, tashi ka ba Babanka wuri, ya sayo wata ƙaryar. Ni kuwa ban daina ba. Na tara na hamada, na tara na bakin teku, na tara na wasu ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, duk na layukan da suka mutu a takarda. Ba ƙaunarsu nake yi ba, ku daina cewa haka. Haushi ne. Ina so in gan su jere a gabana kamar ɓarayin da aka kama.

A shekarar da aka haifi Auta aka yi baje kolin tsofaffin takardu a wani babban zaure a Paris. Na je ranar Asabar da safe. Can a kusurwa akwai wani dillali da ya zo daga Lyon, dogo, mai tabarau rataye a wuya. Ba zan rubuta sunansa ba, mu ce Mushe Tabarau, tunda Mushe ake ce wa namiji da Faransanci. A teburinsa na ga takardar wani kamfanin hamada da ba ni da irinta. Ya ce daga akwatin wani Baturen awon ƙasa ta fito, jikokinsa ne suka share ɗaki suka sayar. Na ɗaga ta, na juya bayanta kamar yadda kowane mai saye ke yi. Rubutu ne cike da bayan, da tawadarmu ta malamai, da hannu irin na makarantar allo. Ajami ne. Hausa ce tsantsa. Layin farko ya ce, "Waɗannan su ne muka rufe a hanya." Daga nan sunaye, layi goma sha ɗaya, kowane da sunan mutum, da garinsu, da rijiyar da aka rufe shi kusa da ita. Ban san malamin da ya rubuta ba, ban san ko Baturen ne ya sa shi ko shi ya roƙi takarda. Idona ya sauka ƙasa, a layi na tara na karanta, "Barmo na Tudun Kalgo, a rijiyar..." Sauran yana ƙarƙashin babban yatsana, inda na riƙe takardar.

Abin da ya rage kawai shi ne in ɗaga yatsa. Ban ɗaga ba. Na ji idon Mushe Tabarau a kaina, sai Bahaushen kasuwa da ke cikina ya farka. Kun san yadda aka koya mana tun muna yara. In kana son akuya, ba ka nuna kana so. Ka taɓa ta da ƙafa, ka ce ramammiya ce, ka ce tana tari, ka juya ka kama hanya a hankali, mai ita ya kira ka. Wanda ya bari aka ga zumuɗinsa shi ake yanka. Na kifa takardar a tebur da sauri, na sha kunu, na tambayi kuɗinta. Ya faɗa. Da tsada, amma ba ta fi ƙarfina ba, akwai kuɗin a aljihuna a ranar. Akwai waya mai ɗaukar hoto ma a ɗaya aljihun. Na bar ta a ciki don kada ya gane.

"Haba Mushe," na ce, "wannan ai ta lalace. Ba ka ga bayanta ba?"

"Na gani," ya ce. "Na nuna wa wani Balarabe mai kanti a unguwarmu. Ya ce haruffan nasu ne amma ba Larabci ba ne, ba ya nufin komai. Wai wataƙila yaro ne ke koyon rubutu."

Jinina ya tafasa. Don Balarabe bai iya karantawa ba, shi ke nan ba magana ba ce? Mu ba mu da harshe? Amma kun san abin da ya fito daga bakina?

"Gaskiyarsa," na ce. "Shirme ne. Ba don wannan ƙazantar ba da na biya yadda ka ce. A haka dai, rabi."

Na kira sunan kakana ƙazanta, da bakina, da Faransancina mai kyau, don a rage mini kuɗin da bai kai na takalmin Abdu biyu ba. Ya ce ba zai iya rabi ba. Na ce to madalla, na juya, na fara takawa a hankali ina jiran in ji "Mushe, dawo." Na kai ƙarshen layin teburan ban ji komai ba. Na ce bari in bar shi ya huce. Na fita na sha kafe, na nemi wuri na yi azahar, na dawo ina shirin in ƙara masa kaɗan mu daidaita. Teburin babu kowa. Maƙwabcinsa ya ce ya tattara da wuri don ya kama jirgin Lyon, ya miƙo mini katinsa.

Da na ba uwarku labari ba ta yi tsokanar da ta saba ba. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ka ga sunan Barmo da idonka?"

"Da idona."

"Ka ajiye ka taho?"

"Ciniki ne, Zuwaira. Ba inda za ta je. Wa zai sayi takarda mai rubutu a baya?"

"Malam, wannan ba kasuwar Tudun Kalgo ba ce. Mutanen nan in ka ce musu abu ya lalace, yarda suke yi."

Na ce mata ta san girki, ni na san takarda. Ranar Litinin na buga wa Mushe Tabarau waya, na yi ta kewaye-kewaye, na ce zan biyo ta Lyon ranar Asabar, ko takardar nan tana nan? Ya ce tana nan, zai ajiye mini, har ma zan ga abin da zai faranta mini rai. Ban tambaye shi mene ne ba. Sai na ƙara wata wautar a kan ta farko, na kira gida, aka kai wa Inna waya. Na ce mata na ga takardar da aka rubuta inda aka rufe mahaifinta. Ta ce, wace rijiya ce? Na ce ranar Asabar zan karanta mata. Ta ce to, shekara tamanin ta jira, kwana biyar ba komai ba ne.

Jirgin Lyon awa biyu ne. Ina zaune ina jin birkinsa a ƙafata, irin wanda nake gyarawa, ina tsara yadda zan buɗe cinikin. Har a lokacin ban daina lissafin ragi ba, ku ji fa. Kantin Mushe Tabarau yana wani tsohon lungu kusa da kogi. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce na zo a daidai.

"Na yi tunani a kan maganarka," ya ce. "Kana da gaskiya, rubutun nan ya ɓata ta. Na kai wa wata mai gyaran tsofaffin takardu, yau da safe ta wanke bayan. Za ka same ta fes, kuma ba zan ƙara maka ko tamma ba."

Ban san sanda na damƙi gefen teburinsa ba. Ku da kuka tashi a nan ba ku san tawadarmu ba. Da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, kuma an yi ta ne don ta wanku. Malam ya rubuta aya a allo, a zuba ruwa, ta narke, a ba marar lafiya ya sha. Ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta. Rubutun nan ya tsallake hamada, ya tsallake teku, ya kwana a akwati shekara da shekaru ba abin da ya same shi, sai da ya gamu da ni.

"Ina matar take?" na ce.

Ya ga fuskata, ya rubuta mini adireshi. Na haura wani tudu mai matakala da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina saurayi. Ɗakin aikinta yana hawa na biyu. Dattijuwa ce, da farar riga irin ta asibiti. Takardar tana shimfiɗe a kan wani farin ƙyalle tana bushewa, bayanta a sama, fari tas kamar ba a taɓa ɗora mata alƙalami ba. Na sunkuya, na karkata kai, na nemi ko sawun alƙalamin ya rage. Alƙalamin kara ba ya barin sawu.

"Kin ɗauki hotonta kafin ki wanke?"

"Na ɗauki gaban," ta ce. "Bayan an ce mini ba komai ba ne. Ban taɓa ganin tawada mai saurin fita irin wannan ba, ina sa ta a ruwa ta tashi."

Na ce mata sunayen matattu ne, mutum goma sha ɗaya, da inda aka binne kowanne, kuma na tara kakana ne. Ta ja kujera ta zauna. Sannan ta tambaye ni abin da har yau ban samu amsarsa ba.

"Kai ka iya karantawa? To me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

Ina ta raba ido don kada in dube ta, sai na ga wani faffaɗan faranti a gefen famfo, da ruwa a ciki, launin shayi marar ƙarfi. Na tambaye ta ko shi ne. Ta ce shi ne, ba ta kai ga zubarwa ba. Na ce ta sa magani a ciki? Ta ce ruwa ne zalla. Na ce ta ba ni. Ba ta tambaye ni me zan yi da shi ba, Allah ya saka mata. Ta ɗauko kwalba da mazurari, ta riƙe, ni na tsiyaya, ban bari ko ɗigo ya zuba ba. Na koma wurin Mushe Tabarau na biya shi kuɗin da ya faɗa tun farko, cif. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ya riƙe abinsa. Ina jin haushinsa har gobe, domin mutumin da ya ga rubutun hannun ɗan Adam cike da shafi ya kamata ya tambayi fiye da mai kanti ɗaya kafin ya sa a goge. Da rubutun wani sojansu ne da fensir, da gilashi za su sa shi, su ninka kuɗin. Amma in na gama zaginsa a raina sai in tuna wanda ya ba shi shawarar.

Ban kira Inna a ranar ba. Ban iya faɗa mata ta waya ba. Na sa aka ce mata zan zo da kaina, na ɗauki hutu, na naɗe kwalbar cikin zannuwan uwarku a tsakiyar akwati. Na same ta da hantsi a ƙarƙashin rumfa, idonta ya riga ya yi rauni. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Karanta mini."

"Inna, an wanke rubutun."

"Wa ya wanke?"

"Wata Baturiya. Mai takardar ne ya sa ta."

"Shi kuma wa ya ce masa ya wanke?"

Ina da shekara hamsin da ɗoriya a lokacin, da furfura a gemuna, amma na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, har kalmar da na yi amfani da ita. Ba ta zage ni ba, na so a ce ta zaga. Ta ce, kai da ubanka duk haka kuke, ko likkafani za ku saya sai kun kushe shi. Sannan ta ce me ke cikin zanen da nake rungume da shi. Na faɗa mata. Ta miƙo hannu ta shafa kwalbar, ta ce a kawo mata ludayi. Na zuba mata kaɗan, ta yi bisimilla ta sha, ta share baki da gefen mayafi.

"To," ta ce, "ya dai shigo gida."

Na zaci wannan ya isa. Da magariba ina alwala a bayan ɗakinta na ji ta idar da salla, na ji ta ce, Allah ya ji ƙan Barmo duk inda yake kwance. Ba ta canza ko harafi ɗaya ba, kuma haka ta ci gaba da faɗa har shekara biyun da suka rage mata.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa ko uwarku ba. A gefen yatsana, ranar nan a Paris, na ga kan harafin farko na sunan rijiyar ya leƙo. Wani lokaci in ce harafin ta ne, wani lokaci in ce nun, bambancinsu ɗigo ɗaya ne kuma ban tsaya na ƙirga ba. Taswirorin da kuke gani a ƙarƙashin gadona na wannan ne. Na ja layi a ƙarƙashin duk rijiyar da ta fara da ɗayansu daga Tudun Kalgo zuwa arewa, sun fi yawan da mutum zai bi. Sauran goman kuwa ko sunayensu ban karanta ba. Suna da jikoki a wasu garuruwa da ke cewa "duk inda" kamar Inna, ba su ma san an taɓa rubuta amsar ba.

Takardun da ke cikin kwalaye ku yi yadda kuka ga dama da su. Ku sayar, za su yi kuɗi, ƙarya ba ta faɗuwa a kasuwar nan. Wadda ke rataye a falo ita ce ta Lyon, kuma yanzu kun san dalilin da ya sa na rataye ta a juye, farin bayan yana kallon ɗaki. Wannan kada ku sayar, kada kuma wani ya gyara mata zama.

Kwalbar kuwa, da aka rufe Inna na yayyafa rabi a kan kabarinta, kamar yadda ake yayyafa ruwa in an gama mayar da ƙasa. Rabin da ya rage nawa ne. Na riga na faɗa wa Abdu a gida nake so a kai ni, kusa da ita. Nafisa, tunda ke kika ɗauko ta da niyyar zubarwa, ke za ki riƙe ta har ranar. Mata ba sa zuwa maƙabarta a garinmu, saboda haka ki miƙa wa yayanki a ƙofar gida, hannu da hannu, ki ce ya zuba duka. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki, kuma wannan karon za a san inda suke kwance.